Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Inda Ɗalibin Dizayin Zai Tsinto Abin Gina Fosta

A ce malami ya shigo aji ya ba da aiki: kowa ya zana fosta ɗaya, girman A3, a kan Ranar Yaƙi da Zazzaɓin Cizon Sauro ta Duniya, wadda ake yi kowace 25 ga Afrilu. Mako biyu ya bayar. Ranar karɓar aiki aka lilliƙa fostocin a bango, aka ja da baya ana kallo. Ko ban shiga ajin ba zan iya faɗa maka abin da ke bangon nan. Ƙaton sauro ne, an kewaye shi da jan da'ira, an gitta masa layi irin na alamar hana shan taba. Wani ya ƙara ɗigon jini a ƙasa, wani ya sa taswirar Afirka a baya, mai ƙoƙarin cikinsu ya kawo hoton uwa rungume da jariri. Ɗalibai talatin, sauro talatin, kamar kwabo da kwabo.

Kuma babu wanda ya leƙa aikin wani. Kowa a ɗakinsa ya zauna, ya ciro waya, ya buɗe Pinterest ko Google, ya rubuta kalmomi biyu da Turanci, ya danna. Su kuwa waɗannan manhajoji abin da jama'a suka fi dannawa shi suke turowa sama, kuma da ka taɓa hoto ɗaya sai su yi ta jero maka 'yan uwansa. Cikin minti goma ka ga sauro ɗari, zuciyarka ta riga ta yanke cewa haka fostar maleriya take, babu wata hanya. Rijiya ɗaya aka je, guga ɗaya aka zura, ta ina ruwan zai bambanta?

Matakin da ke gaban zane ana kiransa neman ilhama, wasu su ce neman haske. Sunan yana ɗan yaudarar mutum, don yakan sa ya zaci wani abu ne da zai sauko masa yana kwance yana shafa waya. Dubi yaron tela in an kawo riga mai kyakkyawan wuya. Ba ya tsayawa a "kai, wannan ta yi kyau". Juya ta yake yi ciki waje, ya ga inda aka kama, inda aka naɗe, da inda aka ɓoye zare. Ɗalibin da ya cika wayarsa da hotuna ɗari biyu bai juya ko ɗaya ba, data kawai ya ƙona.

Kafin a buɗe kowace manhaja akwai tambayoyin da amsarsu ke raba aikin biyu. A ina za a liƙa fostar? Wadda za ta zauna a ɗakin jiran awon ciki, inda mata ke shafe awa biyu a kan benci, tana iya ɗaukar jimloli huɗu ko biyar da ƙananan hotuna masu nuna mataki bayan mataki. Wadda za a manna a ƙafar gada ko bangon tasha, mai babur ne zai wuce ta da gudu, abin da idonsa bai ɗauka a ƙiftawa biyu ba ya tafi ke nan. Wadda za ta ƙare a sitatus ɗin WhatsApp kuwa, duk girmanta ba ta wuce tafin hannu. Sai kuma wa ake so ya gani, kuma me ake so ya yi in ya gani. Nan ne ɗalibai ke cewa "wayar da kan jama'a", kuma wannan ba amsa ba ce. Babu wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi da bai san sauro na kawo zazzaɓi ba. Najeriya kaɗai na ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, don haka ba labari ake ba mu ba. Abin da ke faruwa a gidaje shi ne gidan sauron da aka raba yana nan cikin ledarsa a ƙarƙashin gado saboda zafi, ko an kewaye kaji da shi, ko an rataya amma gefensa na lilo ba a cusa shi ƙarƙashin katifa ba. In ka gano wannan, hoton da kake nema ya sauya tun kafin ka fara nema. Yanzu igiya kake so ka gani, da ƙusa, da hannun uwa yana cusa bakin gidan sauro.

Binciken batun kansa yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: yana hana jin kunya. Da yawa daga kyawawan hotunan sauro da ke yawo a intanet, baƙin nan mai fararen ratsi a ƙafafu, Aedes ne, mai yaɗa zazzaɓin shawara da dengi, kuma da rana ya fi cizo. Mai yaɗa maleriya macen Anopheles ce, wadda ke farauta daga magariba zuwa asuba, kuma in ta sauka takan ɗaga bayanta sama a karkace kamar mai shirin nitso. Masu ɗaukar hoto sun fi son mai ratsin don ya fi fitowa a kyamara. Sai ka ga fosta ta tsaru, launi ya zauna, amma ma'aikacin lafiya na kallo ɗaya ya san an kama wanda ba shi ya yi laifin ba.

To yanzu an zo kallon aikin magabata. Shawarar da zan bayar tana kama da ta mai juya baya ga inda za shi: ka guji fostocin da ke magana a kan batunka, ka nemi waɗanda suka warware irin matsalarka a wani batu daban. In ka kalli fostar maleriya, sauronta za ka ɗauko. In ka kalli fostar ashana, babu abin da za ka iya ɗaukowa sai dabara.

Da gangan na ce ashana. Wajajen 1905 wani saurayi a Balin ta Jamus, Lucian Bernhard, ya shiga gasar tallan ashanar kamfanin Priester. Yadda ake ba da labarin, zanensa na farko ya cika da kaya: tebur da shimfiɗarsa, mazubin toka, sigari na hayaƙi, har da mata masu rawa. Wani abokinsa ya gani ya yaba masa da kyakkyawan tallan sigari. Sai ya ɗauki buroshi ya shafe sigarin. Da sigari ya tafi mazubin toka ya rasa aikin yi, shi ma ya shafe, haka ya yi ta shafewa har ya rage tsinken ashana biyu da sunan kamfanin a kan fili mai duhu. Wannan ce ta ci gasar, kuma daga ita aka samu wani salo sukutum a Jamus. Mu ma muna da irin labarin a gida. Michael Taiwo Akinkunmi ɗalibi ne a Landan lokacin da aka zaɓi zanensa na tutar Najeriya a 1959, aka ba shi fam 100. A zanen da ya aika akwai jar rana mai haske a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta, suka bar kore, fari, kore, wanda yaron firamare ke iya zanawa da alli biyu.

Ɗauki wasu biyu. A 1953 Josef Müller-Brockmann na ƙasar Siwizalan ya yi fostar kiyaye haɗurra: gaban babur ya cika takardar har ya fita daga gefenta, can nesa ga ɗan ƙaramin yaro yana gudu. Babu jini, babu gawa, amma ƙirjinka sai ya buga, kuma bambancin girma kaɗai ya yi wannan aikin. A 1975 Shigeo Fukuda na Japan ya yi tasa a kan yaƙi: fili ruwan ɗorawa, baƙin bakin igwa, harsashi kuma ya juyo yana komawa cikin igwar da ta harbo shi. Abu ɗaya ya juya, sai ma'anar ta juye gaba ɗaya.

Ga yadda juya riga ciki waje yake a nan. Ba babur za ka ɗauko ba, ba igwa ba. A littafinka za ka rubuta, "ƙato kusa da ƙarami yana kawo fargaba", sannan ka tambayi kanka yadda wannan zai shiga batunka. Kowa a ajin ya kumbura sauro ya kai girman akuya. In kai ka bar shi a ainihin girmansa fa, ɗan ɗigo a tsakiyar farar takardar A3, har sai mutum ya matso kafin ya gane mene ne? Ko ka cika takardar da saƙar gidan sauro daga sama har ƙasa, ka bar 'yar huda ɗaya tak inda ya yage? Wataƙila duka biyun su faɗi in an gwada. Amma sun fito ne daga tunani, kuma in malami ya ce "me ya sa?", kana da abin cewa.

Irin waɗannan ayyuka ba sa zuwa da kansu a shafin farko, sai an kira su da suna. Rubuta sunan mai zanen, ko ƙasa da shekara: fostocin Folan na shekarun 1960, fostocin Kyuba na shekarun 1970, fostocin yaƙi da wariyar launin fata na ƙungiyar Medu da ta yi aiki a Gaborone ta Botswana. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora fostoci kusan 900 da aka yi tsakanin 1936 da 1943 ƙarƙashin shirin gwamnati na samar da ayyukan yi, kuma da dama cikinsu a kan kiwon lafiya suke, da launuka 'yan kaɗan saboda hanyar bugun da aka yi amfani da ita. Wanda kuɗin bugunsa ba su da yawa zai ƙaru da su fiye da abin da zai gani a Behance, shafin da masu dizayin ke baje ayyukansu, inda rabin kyan aikin daga hoton bangon ƙarya da aka jingina shi yake.

Sai dai rabin tsintuwar, ko fiye, ba a allon waya take ba. Ka fita da wayar a matsayin kyamara kawai. Tsaya gaban teburin mai shayi ka ga yadda ya jera gwangwanaye, kore a layinsa, ja a layinsa, burodi a sama kamar ginin bene. Babu wanda ya koya masa cewa maimaita abu ɗaya yana kiran ido daga tsallaken titi, ciniki ne ya koya masa. Shiga Kantin Kwari ka dubi atamfofin da aka tsuga, ka ɗauki hoton inda launi biyu da ba ka taɓa zaton za su zauna tare ba suka zauna lafiya. Bi bayan gingimari ka karanci rubutun jikinta, yadda mai fenti ya ba kowane harafi kauri da inuwa don a karanta shi motar na tafiya, cikin ƙura. Ka kuma dubi tsofaffin fostocin 'yan siyasa da rana ta gasa: ja da rawaya sun gudu, fuskar ɗan takara ta koma shuɗi-shuɗi, amma baƙin rubutu na nan daram. Wannan darasi ne a kan inda ya kamata ka ɗora muhimmin saƙonka in fostar a waje za ta kwana. Haka nan bangon da za a liƙa ta. Launin ƙasa-ƙasa da ruwan madara da ake yayi a intanet, in ka manna shi a jikin ginin laka lokacin hunturu, ya ɓace kamar an jefa allura a rairayi.

Waiwayar gida don neman abin zane ba sabon abu ba ne a makarantunmu. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu yawanci Turawan Ingila ne, suna koyar da abin da suka taso da shi. Ɗaliban ba su ce a watsar da wannan ba. Cewa suka yi a karɓi dabarar aikin, a haɗa ta da abin da ido ya saba gani a gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Abin lura, bai kwaso alamomin ya lilliƙa a gefen takarda ba. Yadda layin uli ke tafiya ya koya, siririn layi mai lanƙwasa da ke barin fili ya huta, har hannunsa ya koma haka ko da mutum yake zanawa.

Nan ne nake da ƙorafi a kan namu. Da an ce a sa "al'ada" a fosta, sai a nemo dagin Arewa a manna a kusurwa, a ƙara raƙumi ko ƙofar gari ko mahayin doki, an gama. Dagi ya sha wahala a hannunmu. Yana kan tallan makaranta, yana kan katin biki, yana kan ledar ruwa, har ido ya daina ganinsa. Shi ma wani sauro ne cikin jan da'ira, sai dai na gida.

Ka shimfiɗa babbar riga mai aska takwas a ƙasa ka tsaya a kanta. Aikin bai rabu daidai tsakanin dama da hagu ba. Nauyinsa ya taru a ɓangaren aljihu, asake sun zubo ƙasa da tsininsu, ɗaya gefen kuma an bar masa zagaye guda da fili mai yawa, duk da haka rigar ba ta karkace a ido. Wannan shi ne abin da littattafan dizayin ke ɓata shafuka suna bayani, wato daidaito ba tare da an raba abu biyu ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai iya tara rubutunsa a gefe ɗaya ya bar sauran takardar ta sha iska, kuma babu aska ko ɗaya a fostar, amma Bahaushe zai ji tsarin bai baƙunce shi ba. Ko ka dubi Alƙur'ani rubutun hannu irin na alarammominmu: baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ruwan ɗorawa. Kowane launi da aikinsa, babu wanda aka sa don ado kawai, shi ya sa shafi ke cika maƙil amma ido ba ya ruɗewa. Tsarin za ka ara, ka ba kowane launi a fostarka aiki ɗaya. Ayar kanta kuwa ka bar ta inda take. Fosta takarda ce da ruwa zai duka, ta yage, ta faɗi a kwata, mai ƙosai ta naɗe kaya da ita.

Akwai wani abin da ɗalibi ke mantawa har sai dare ya yi masa: haruffa. Ya ga wani salon rubutu a fostar Turanci ya ƙyasa, ya sauke shi, ya gina komai a kansa, sai ranar da ya zo rubuta "zazzaɓi" ya tarar babu ɓ a ciki. Ko dai akwati ya fito a wurin, ko manhajar ta aro harafin daga wani salo ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Daga nan sai a ce a cire ƙugiyar kawai, ai za a gane. Sau da yawa ana ganewa. Amma fostar da ke cewa "kare iyalinka" tana zaune ne a harshen da "kare" da "ƙare" suke kishiyoyin juna, kuma duk wanda ya saba wa mutane da rubutu marar ƙugiya shi ya rushe katangar da ke tsakaninsu. Saboda haka tun ranar farko, duk salon haruffan da ya burge ka, gwada shi da ɓ, ɗ, ƙ, manya da ƙanana, har da ƴ in aikin zai tsallaka Nijar, inda ake rubuta ta a maimakon 'y. Salon haruffan Noto na Google suna da su, haka Andika da Charis na SIL, wata cibiyar nazarin harsuna, kuma duk kyauta ne.

Tsawon magana ma abin dubawa ne. Sunan cutar a Turanci, malaria, haruffa 7 ne, kalma ɗaya da ke zama daram a saman takarda. "Zazzaɓin cizon sauro" kalmomi uku ne, haruffa 18. Tsarin da aka yanka wa na farko ba zai shigi na biyu ba, sai an matse shi ya koma kamar tururuwa. Gara ka rubuta ainihin kalmominka tun farko, ka nemi misalan da suka yi fama da dogon take. In kuma masu kallon sun fi sakewa da ajami, wanda har yau yake kan takardun naira 200 da 500 da 1000, akwai salon Alkalami da aka ƙera bisa rubutun hannu irin na Kano. Sai dai ka kai wa wanda ya iya ya duba maka kafin bugu.

Bayan kwana uku ko huɗu na tsince-tsince, sai a zauna tankaɗe. Masu sana'ar kan haɗa abin da suka zaɓa a allo ɗaya, ko na kwali ko na kwamfuta, don a gan su tare a kallo guda. Ni allon tsince-tsince nake ce masa. Dokar da na ga tana aiki ita ce, duk hoton da zai hau allon sai an rubuta masa jimla ɗaya a ƙasa: daga ina ya fito, kuma me aka ɗauko a cikinsa. "Launin shuɗin nan, daga karofin Ƙofar Mata." "Kaurin harafi, daga bayan mota." "Yadda ya bar sama fili, fostar Japan." Wanda ka rasa abin rubuta masa sai "ya yi kyau", sauke shi. Daga ɗari biyu za ka ga an dawo goma sha biyu, kuma a nan ne rigima ke fitowa fili: rabin allon na son shiru da fili, rabin na son hayaniyar kasuwa. Fosta ɗaya ba za ta ɗauki duka ba, dole a saki ɗaya ko da ana so.

Sannan a kife allon. Wannan ne matakin da ya fi wuya, kuma shi aka fi tsallakewa. Ɗauki fensir da takarda, ka zana ƙananan akwatuna kamar girman kwalin ashana, ka cika ashirin ko talatin da gwaji, kowanne minti ɗaya ko biyu. Biyar na farko abin da kowa zai kawo ne, bar su su fita su ba ka wuri. Amfanin kife allon shi ne ƙwaƙwalwa ba ta riƙe hoto dalla-dalla, gundarinsa take riƙewa, don haka abin da zai fito ta hannunka ya riga ya gauraya da naka. Wanda ya buɗe manhajar zane irin CorelDRAW ko Canva a gefe ɗaya, aikin wani a ɗaya gefen, ko bai yi niyya ba hannunsa bin sawu zai yi.

Bin sawun kuwa yana da tsada, har ga manya. Fostar nan ta Barack Obama mai launin ja da shuɗi da ta cika duniya a 2008, Shepard Fairey ne ya yi ta, kuma ya gina ta ne a kan hoton da Mannie Garcia ya ɗauka wa kamfanin dillancin labarai na AP a 2006, ba tare da izini ba. Aka shiga kotu a 2009, aka sasanta a 2011. Abin da ya fi cutar da shi ma ba aron ba ne, ɓoyewar ce: ya yi ƙarya a kan hoton da ya yi amfani da shi, ya goge wasu hujjoji, a 2012 aka ci shi tarar dala 25,000. A Japan kuma, tambarin gasar Olamfik ta Tokyo 2020 da Kenjiro Sano ya zana an janye shi a watan Satumbar 2015, bayan wani mai zane ɗan Beljiyam, Olivier Debie, ya ce ya yi kama da wanda ya yi wa gidan wasan kwaikwayo na birnin Liège. Sano ya musanta cewa ya kwafa, amma sai aka gano hotunan da ya yi amfani da su wajen nuna yadda tambarin zai zauna a wurare daga intanet ya ɗebo su ba izini. Tambarin da ya maye gurbinsa a 2016, na Asao Tokolo, daga wani tsohon zanen dara-dara na Japan aka ciro shi, da launin shuni, irin wanda ake tsomawa a marina.

A matakin ɗalibi abin ya fi sauƙi. Abin da ke kan allonka na kallo ne, ba ya shiga cikin fostar. In kana buƙatar hoto a cikinta, ko ka ɗauka da kanka, ko ka nemi wanda mai shi ya ba da izini a fili, irin na shafukan hotuna na Unsplash da Pexels, ka kuma karanta sharaɗin. Hoton yaron maƙwabta yana barci a gidan sauro ya fi duk waɗannan, amma sai iyayensa sun yarda, kuma sun san inda za a liƙa shi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa, daga abin da aka fi yawaita suka koya, don haka in ka ce su ba ka fostar maleriya, sauron nan dai za su miƙo maka, sai ƙarin ƙyalli da rubutun Hausa da ya karkace. Ka tambayi malaminka matsayin sashenku a kansu kafin ka taɓa.

Saura maɗaba'a, inda ilhama da yawa ke mutuwa. Allon waya da haske yake haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Koren nan mai walƙiya da shuɗi mai ƙuna da suka ja hankalinka a waya, a takarda sanyi suke yi. Takardar A3 milimita 297 ce a 420, kuma hoton da zai cika ta tsaf yana son ɗigo kusan 3,500 a faɗi da 5,000 a tsawo. Wanda ka sauke daga Pinterest ko aka turo maka ta WhatsApp a matsayin hoto bai kai ko kusa ba, zai fashe. Bar milimita 3 a kowane gefe don wuƙar yanka, ka kai aikin a PDF ko ka mayar da haruffan zane, don kada kwamfutar mai bugu ta musanya maka su ƙugiyoyin su zube.

Kwana biyu kafin ranar miƙawa, buga gwaji ɗaya, ko baƙi da fari ne a kan A4. Liƙa shi a bangon waje, ka ƙirga taku goma baya. Abokan ajinka ba su da amfani a nan, sun san abin da kake nufi tun kafin su kalla. Kira mai gadin hostal ko mai wankin takalmi da ke wucewa, ka ce, "Baba, don Allah me ka gani a takardar can?" Kada ka yi masa bayani, kada ka nuna da yatsa. In ya ce raga ce ta kamun kifi, ka gode masa, ka koma ɗaki ka nemi inda za ka sa gefen katifa.